Kafin A Ɗora Musu Hannu

Kowace shekara makarantun tauhidi na Kagoro da Bukuru da Gindiri suna yaye matasa, ana kuwa aika waɗansunsu ƙauyukan da babu ikkilisiya ko ɗaya. Amma da wane guzuri muke sallamar su?

Mu dubi Antakiya. Barnaba da Shawulu sun yi shekara guda cur suna koyarwa a ikkilisiyar nan (Ayyukan Manzanni 11:26) kafin a yi azumi da addu'a a ɗora musu hannu (13:3). Jama'a sun riga sun ga halinsu. A Korinti kuma da ɗinkin tanti Bulus ya ciyar da kansa.

Takardar shaida kaɗai ba ta kafa ikkilisiya. Mai bishara yana bukatar harshen mutanen da zai zauna a cikinsu, da sana'ar hannu, da zama a ƙarƙashin tsohon fasto. Matarsa ma a horar da ita, gama ita za ta shiga gidajen da shi ba zai iya shiga ba.

Iyaye, in ɗanku ya ji kira, kada ku hana shi. Ku tambayi dattawan ikkilisiyarku: wa zai ciyar da iyalinsa har ya girbe gonarsa ta fari?