Shirwa Ba Ta Jiran Mai Kyamara

Duk wanda ya taɓa ɗaga waya don ya ɗauki shirwa tana shawagi a saman kwata ya san abin da ke fitowa: ɗan baƙin ɗigo a tsakiyar farin sama. Hasken sama ne ya fi ƙarfi, sai kyamara ta bi shi, ta bar tsuntsuwar cikin duhu. Shi ya sa masu sana'ar ke ba rana baya, su ƙara haske da hannu, su kuma saita kyamara ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 2000 na daƙiƙa, in ba haka ba fukafukai su fito dishi-dishi.

Wannan kam a wuni guda ake koyonsa. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin halin tsuntsun. Ungulu, a inda ta rage, ba ta sammakon hawa sama. Sai hantsi ya ɗaga, ƙasa ta ɗau zafi, iska mai ɗumi ta fara tashi, sannan ta baje fukafukai iskar ta ɗauke ta. Manyan tsuntsayen nan kuwa iska suke fuskanta in za su tashi ko su sauka, don haka wanda ya tsaya iska na bugun ƙeyarsa, shi zai sami fuska da ido, saura sai bindi. Ita shirwa, jelarta mai tsaga ake kallo, da ita take murɗawa in za ta juya. Ranar da aka cinna wa daji wuta kuwa, a bakin hayaƙi za ka same ta tana cafke fara.

A ganina tsohuwa mai kiwon kaji ta fi mai tsadaddiyar kyamara shirin wannan aiki. Ba ta ma ɗaga kai. Da ta ji kaza ta canja kuka, 'yan tsaki sun ruga ƙarƙashin rumbu, ta san daga ina ɓarauniyar za ta ɓullo.

Akwai wani jinsin shaho da in ya naɗe fukafukai ya sulalo kan tattabara, gudunsa kan haura kilomita 300 a awa. Babu hannun da zai bi shi. Masu samun hotonsa garken tattabaru suke sa wa ido, yatsa a kan maɓalli, suna jiran lokacin da garken zai tarwatse.