YABON BAYAN RAI: ME YAKE KAI WA MAMACI CIKIN KABARINSA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Rayayyen da ba Ya mutuwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W), da iyalan gidansa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Na san kin taɓa tashi da safe kin duba waya, ko kin kunna rediyo, kin tarar da labarin rasuwar wani sananne. Kafin azahar hotonsa ya cika WhatsApp da Facebook, kowa na faɗin kirkinsa da kyautarsa da haƙurinsa. Abin mamaki, cikin masu yabon nan har da waɗanda jiya-jiya suke cin namansa a gidan biki da bakin rijiya. To me ya canza a dare ɗaya? Kuma wannan yabo da ke kwarara, ko akwai abin da yake kai wa bawan Allah cikin kabarinsa? Wannan shi ne abin da nake so mu tattauna a wannan fitowa, domin maganar za ta biyo ta kanmu ko ba daɗe ko ba jima. Mutuwa rigar kowa ce.

Abin da muka gani da idonmu

Mu fara da 'yan fim, tunda su ne suka fi shiga ɗakunanmu. A 2003 Balaraba Muhammad ta rasu a haɗarin mota tana amarya, ana kan hanyar kai ta gidan mijinta. Ranar 1 ga Janairu 2007 Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗari kan hanyar Maiduguri. Bayan shekara uku cif, 1 ga Janairu 2010, sai ga rasuwar Hauwa Ali Dodo, ita ma a hanya. Duk wadda ta yi wayo a lokacin ta san irin kalaman da ake jifar 'yan fim da su suna raye, ta kuma san yadda aka riƙa rububin kaset ɗinsu da hotunansu bayan sun kwanta dama.

Rabilu Musa Ibro har gidan yari aka kai shi a Kano a 2008 kan batun tace fina-finai. Da ya rasu a Disambar 2014, sai aka wayi gari kowa na cewa ba za a sake yin kamarsa ba. Hajiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, mata da yawa sun tsane ta saboda fitowar da take yi a muguwar uwar miji ko kishiya. Da Allah Ya karɓi ranta a ƙarshen azumin 2024, sai ga abokan aikinta da maƙwabta suna ba da labarin wata mace daban da wadda muka sani a akwatin talabijin.

Haka abin yake ga shugabanni. Janar Murtala Muhammad wata shida da 'yan kwanaki kawai ya yi yana mulki kafin a kashe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976, amma ga hotonsa a kan Naira 20, ga sunansa a filin jirgin saman Legas. Malam Aminu Kano ya nemi shugabancin ƙasa a 1979 bai samu ba, ya sha ɗauri da tsangwama tun zamanin NEPU. Bayan rasuwarsa a 1983, filin jirgin Kano da asibitin koyarwa duk sunansa suka ɗauka, kuma yau kowane ɗan siyasa so yake a ce shi ɗalibin Malam ne. A nan ƙasar Yawuri ma, duba yadda ake ɗaga waƙoƙin marigayi Sani Aliyu Ɗandawo yanzu, har yaran da ba su taɓa ganinsa ba suna neman su a waya. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Gimbiya Dayana ta Ingila jaridu sun hana ta sakat tana raye, da ta mutu a 1997 su ne kan gaba wajen makoki.

Me ke jawo haka?

Na farko, hassada da kishi a kan mai rai suke. Wanda ya mutu ba ya takara da kowa, ba ya tare wa kowa kasuwa ko kujera, don haka yabonsa ba ya rage wa mai yabon komai.

Na biyu, mamaci ya daina kuskure. Mai rai yau ya faranta miki, gobe ya ɓata miki. Wanda ya tafi kuwa, musamman wanda ya tafi da ƙuruciya ko ta hanya mai ban tausayi, mutane kan ƙarasa masa sauran rayuwar a zukatansu, su ce da yana nan da ya yi kaza da kaza. Ga kuma halinmu na ɗan Adam, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Na uku, akwai nadama. Wanda ya san ya zagi mutum yana raye, yakan so ya wanke zuciyarsa da yabo mai yawa, alhali damar neman yafiya ta riga ta wuce.

Na huɗu, akwai masu cin abinci da sunan mamaci: mai sayar da hotonsa, mai neman mabiya a shafinsa, da mai neman ƙuri'a.

Mu da ke bakin tafkin Kainji muna da misali a gabanmu. Da aka kammala madatsar ruwa a 1968, ruwa ya haɗiye garuruwa da gonaki da itatuwa, aka tayar da dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Baƙo in ya tsaya a bakin ruwa a Wara, shimfiɗa kawai zai gani, lumui, gwanin kyau. Amma tambayi matuƙin jirgi, zai gaya miki kututturan nan suna nan a ƙasa. Haka mutuwa ke shimfiɗa wa mutum sutura a idon jama'a. Abin da ya aikata kuwa yana nan a rubuce wurin Wanda ba Ya mantuwa.

Matsayin Musulunci

Kada ki fahimce ni ba daidai ba, 'yar'uwa. Kame baki daga aibata mamaci umarni ne. Uwar Muminai A'isha (R.A) ta ruwaito, kamar yadda ya zo a Bukhari, cewa Manzon Allah (S.A.W) ya hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Haka nan a hadisin Anas (R.A), an wuce da wata gawa sahabbai suka yabe ta, Annabi (S.A.W) ya yi mata bushara da Aljanna, ya kuma bayyana cewa muminai shaidun Allah ne a bayan ƙasa. Bahaushe ma yakan ce shaidar duniya ita ce ta lahira. Sai dai malamai sun yi bayani cewa shaidar da ake nufi ita ce ta mutanen kirki masu gaskiya, waɗanda suka san mutumin. Wanda ya ga ana yi ya bi sahu, wannan ba shaida ya bayar ba.

Inda haɗarin yake shi ne wuce gona da iri. Abdullahi ɗan Rawaha (R.A) ya taɓa suma, 'yar'uwarsa Amra ta ɗauka ya cika, ta shiga kuka tana zuba masa kirari, har tana kiransa dutse. Da ya farfaɗo sai ya gaya mata cewa duk kalmar da ta faɗa an tambaye shi ko haka yake. Shi ya sa da ya yi shahada daga baya ba ta sake yin irin wannan kuka ba. Ki yi tunani, yabon da muke jin daɗin furtawa yana iya zama tambaya a kan wanda muke ƙauna.

Ki tuna kuma da hadisin Abu Huraira (R.A) a Muslim game da mutum uku da za a fara yi wa hisabi: wanda aka kashe a fagen fama, da malami makarancin Alƙur'ani, da attajiri mai kyauta. Kowannensu ya yi aikin ne don a ce da shi jarumi, ko malami, ko mai kyauta. An kuwa faɗa, suna ya yi tambari, amma makomarsu wuta. Allah Ya tsare mu.

Mafi girman darasi shi ne na mutanen Annabi Nuhu (A.S). Ibnu Abbas (R.A) ya bayyana cewa gumakan nan biyar da aka ambata a Suratu Nuh, wato Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, asalinsu sunayen bayin Allah ne salihai. Da suka mutu aka kafa siffofinsu don tunawa da su. Da wannan tsara ta shuɗe, ilmi ya gushe, sai jikoki suka shiga bauta musu. Ashe shirkar farko a bayan ƙasa daga zuzuta mamata ta faro.

Waɗanda ba a san sunansu ba

Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa ya tarwatse kusa da Wara a nan Ngaski ɗauke da mutum fiye da 150, cikinsu har da mata da ƙananan yara, kuma kaɗan ne suka tsira. Duniya ta ji adadi, amma sunan mutum nawa kika ji a rediyo? Hoton wa aka liƙa a bayan mota? Duk da haka Manzon Allah (S.A.W) ya lissafa wanda ruwa ya ci cikin masu samun ladan shahada. Muna roƙa musu wannan matsayi.

A Madina akwai wata baƙar mace mai share masallaci. Ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi (S.A.W) ba, don an raina lamarinta. Da bai gan ta ba sai ya tambaya, ya sa aka nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Ke da kike ganin rayuwarki ta ƙare tsakanin murhu da turmi da wankin yara, ba wanda ya san da ke, wannan labari naki ne.

Abin da ke isa ga mamaci

Hadisin Muslim ya nuna cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai ta hanya uku: sadaka mai gudana, ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Shahara ba ta cikin lissafin. Dubi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka harbe yana sallar asuba a masallacin Ɗorayi a Kano ranar 13 ga Afrilu 2007. Har yau tafsirinsa na masallacin Indimi a Maiduguri yana shiga gidajen da bai taɓa takawa ba. Dubi Nana Asma'u 'yar Shehu, fiye da shekara 150 da rasuwarta ana ambaton jajis da 'yan taru da ta tura su koyar da mata a ƙauyuka. Abin da muke fata yana isa gare su shi ne ladan kowace mace da ta gyara alwalarta ta dalilin karatunsu.

Wannan wuƙa ce mai baki biyu, domin wanda ya bar abin saɓo ana ci gaba da kallonsa, shi ma abin yana binsa. Saboda haka ina ba mu shawara kamar haka:

1. Kafin ki tura hoto ko bidiyon mamaci, tambayi kanki, da zai iya magana yanzu, zai so a yaɗa wannan? Mace ta rasu, ana ta yawo da hotonta ba lulluɓi ko tana rawa, wai ƙauna. Ki goge, ki yi mata addu'a.

2. Ki mayar da yabo addu'a. Annabi (S.A.W) idan an gama binne mamaci yakan tsaya ya umarci sahabbai su nema masa gafara da tabbata, domin a lokacin ake tambayarsa.

3. A bincika bashi. Annabi (S.A.W) ya taɓa janyewa daga sallar gawar mai bashi har sai da Abu Ƙatada (R.A) ya ɗauki nauyin biya.

4. A waiwayi iyali. Sau nawa ake cika unguwa da motoci ranar jana'iza, amma kafin matar ta fita takabar wata huɗu da kwana goma an daina ko buga mata waya? Annabi (S.A.W) bayan rasuwar Nana Khadija (R.A) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama. Irin wannan tunawa ce ake so.

5. Kada ki ajiye yabonki sai ranar makoki. Mun sha ganin matar da ba ta taɓa ce wa mijinta an gode ba, ko wadda ta yi shekaru tana gaba da kishiya ko uwar miji, ranar rasuwa ita ce mai birgima. Wannan ihu ne bayan hari. Maigidan nan da ke fita kamun kifi ko gona tun asuba, yau yake buƙatar kalma mai daɗi. Uwar mijinki yau take buƙatar gaisuwa da ɗan abin miya. Wadda kika ɓata wa, yau take iya ce miki ta yafe.

Daga ƙarshe, 'yar'uwa, mu ma za a zauna makokinmu, za a kuma ce Allah Ya jiƙanta, mutuniyar kirki ce. Wannan kowa ana faɗa masa. Mu yi ƙoƙari ya kasance gaskiya aka faɗa, mu tarbiyyantar da 'ya'yan da za su ɗaga hannu dominmu bayan baƙi sun watse.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, sanannu da waɗanda ba a sani ba. Allah Ya gafarta wa waɗanda ruwa ya ci, Ya raya marayunsu. Allah Ya tsarkake niyyarmu daga riya, Ya sa mu cika da kyau da imani. Amin.