Mayunwaci Da Ƙuri'arsa

'Yan'uwa, ana ta gardama a Nijeriya: talakan da ya karɓi kuɗi ko taliya don ƙuri'arsa, ya yi laifi? Waɗansu suna cewa yunwa ce ta tilasta masa. Lalle alhakin mai saye ya fi nauyi, gama da wahalar ɗan'uwansa yake ciniki. Dokar Zaɓe ta 2022 kuwa ta hukunta mai bayarwa da mai karɓa duka. Amma ƙuri'a amana ce. Gwamnan da ta ɗora zai riƙe asibitoci da makarantun jama'a har shekara 4. Wanda ya sayar da ita ya haɗa da rabon maƙwabcinsa. Yunwa takan rage laifin, ba ta share shi. Saboda haka mu ciyar da mayunwacin unguwarmu tun mai saye bai zo ba.