WAƘAR HAƘƘIN TSOFAFFI TARE DA SHARHINTA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah shi yi daɗin tsira da aminci ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ƴan'uwa, waɗannan baitoci ne goma sha shida a kan haƙƙin iyaye sa'ad da tsufa ya riske su, tare da ɗan sharhi domin mai karatu shi fahimta. Allah shi sa mu fara aiki da su kafin mu kira waninmu.

1. Da sunan Ilahu nake buɗe baki,
Gwani mai rayawa, Gwani mai kashewa.
2. Salati ga Manzo, Fiyayyen halitta,
Da alai, sahabbai, da masu biyawa.
3. Nufina nasiha a kan masu tsufa,
Uba da uwa, lokacin kasawa.
4. Da rauni ka faro, ka kai har ga ƙarfi,
Ka koma ga rauni da furfurar kowa.
5. Wadda ta goye ka, yau ita ke goyo,
Ka ɗauke ta, bashinta ba shi biyuwa.

SHARHI: Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah shi yi maka rahama, cewa Ubangiji ya ba mu labari a Suratur Rumi, aya ta 54, cewa rayuwar ɗan Adam mataki ukku ce: rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura. Wanda ke tsakiya shi anka ɗora wa ɗaukar na farko da na ƙarshe. Kuma a Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah ya gwama kyautata wa iyaye da kaɗaita Shi ga bauta, ya ambaci tsufansu da suna, ya hana ko da kalmar ƙosawa, ya yi umurni da tausasa magana da ƙanƙan da kai da yi musu addu'a. Ka lura, ayar ta nuna cewa a wajenka tsufan zai same su, wato a cikin gidanka da kulawarka.

Imamu Buhari ya kawo a littafinsa Al'adabul Mufrad cewa Abdullahi ɗan Umar ya ga wani mutumin Yaman yana ɗawafi da uwarsa a bayansa. Mutumin ya tambaye shi ko ya sāka mata. Ɗan Umar ya amsa masa da cewa bai biya ko nishi guda na naƙudarta ba. Wannan shi ne ma'anar baiti na biyar.

6. Ka aiko da kuɗɗi, ka ce ka yi kirki,
Kuɗi ba su miƙa wa tsoho ruwa.
7. Kana can a Kurmi, daminarka bakwai,
Uba na ga zaure yana tambayawa.
8. Uwaisu na Ƙarni, Yaman nan ya zauna,
Ga jinyar uwa, sai ya samu yabawa.

SHARHI: Ba mu hana ci-rani ba, domin neman halali wajibi ne, kuma yunwa ke fitar da samarinmu zuwa Kumasi da Abijan da Legas da Libiya. Ciyar da iyaye matalauta tilas ne a kan ɗa, kamar yadda Ibnu Abi Zaidi ya faɗa a Risala. Shehu Halilu ya ƙara a Muhtasar cewa har mai yi musu hidima ciyarwarsa tana kan ɗan. To, wanda ya aiko da kuɗi ya sauke rabin nauyi. Saura rabin shi ne: wa ke ɗaga shi in ya faɗi? Wa ke wanke masa tufafi, wa ke kama hannunsa zuwa bayan gida da dare? In kai ba ka nan, to, ku zauna da ƴan'uwanka ku yanke wanda zai tsaya, na nesa su ɗauki abincinsa da na iyalinsa, kuma kowa shi san watan da zai zo shi karɓe shi. Kada ku jibge nauyin duka a kan matar ɗayanku, kuna cewa ai surukarta ce. Wajibin yana kan waɗanda anka haifa, maza da mata masu iko. Abin da matar ɗa ta yi alheri ne, sai a gode mata, a taimake ta.

Uwaisul Ƙarni ya yi zamani da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, amma bai samu ganinsa ba, malamai sun ce hidimar uwarsa ce ta tsare shi a Yaman. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi ya ba Sayyidina Umar labarinsa da biyayyarsa ga uwarsa, ya ce in ya samu dama shi nemi Uwaisu shi roƙa masa gafara, kuma Umar ya yi haka da ayarin Yaman ya iso Madina. Ya kai muridi mai son ziyara da taron zikiri, ka auna kanka da wannan. In tafiyar ganin Fiyayyen halitta ta jira uwa, to, tafiyarka ta fi cancantar jira.

9. Idon da ya dushe, ka kai shi a duba,
Idan yana ce, likita na cirewa.
10. Rage masa gishiri, a auna jininsa,
Ka ba shi ruwa tun gabanin ƙishirwa.
11. Idan ya yi gigi, ya mance da sunanka,
Ciwo ne, ba maita ba, bar zargawa.

SHARHI: Da yawa daga abin da muke ce wa tsufa cuta ce mai magani, kuma neman magani sunna ce. Yanar ido ita ce babban sanadin makanta a duniya, aikinta a asibiti ɗan lokaci ne, tsoho shi koma ga Alƙur'aninsa. Kada a kai shi ga masu soke ido da tsinke, domin sau da yawa idon yakan mutu gaba ɗaya. Hawan jini kuwa ba shi da ƙara sai ranar da ɓarin jiki ya shanye, don haka a riƙa auna shi ko yana jin lafiya, kuma kada a bar magani don an ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada gishirin babban mutum shi kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali guda ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Wanda ya kwanta ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi bayan kamar awa 2, don kada bayansa shi yi gyambo.

Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, sai a miƙa masa ruwa ko bai nema ba, musamman da bazara. A watan Agusta na shekarar 2003 zafi ya kashe mutum wajen 15,000 a Faransa, mafi yawansu tsofaffi, da yawa suna zaune su kaɗai a ɗakunansu. Ƙasa ce mai asibitoci da gidajen ajiye tsofaffi, amma an rasa mai leƙawa. Kada mu yi musu dariya, domin a garuruwanmu ma akwai tsohuwar da ke kwana ita kaɗai a ƙarshen gida.

Gigin tsufa kuwa Allah ya ambace shi a Suratun Nahli, aya ta 70, inda ya nuna akwai wanda shekaru za su kai shi har shi rasa sanin abin da ya sani. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana wani nau'insa a 1906, ciwo ne a cikin ƙwaƙwalwa. Tsohuwar da ke fita da dare ko tana sambatu ba mayya ba ce. Wanda ya jefe ta da maita ya ɗauki zunubi, wanda ya ɗaure ta ya yi zalunci. A amsa mata da taushi ko sau goma ta maimaita tambaya.

12. Shi salla a zaune idan ya gaza,
Shi sha azuminsa, da muddun ciyarwa.
13. Ka ba shi ɗaki kusa da wurinka,
Da jikoki nan, a yi ta gaisuwa.
14. Wanda ba ɗa, jama'a ce ɗiyansa,
Ku kai masa tuwo, ku kore yunwa.

SHARHI: Imrana ɗan Husaini ya yi rashin lafiya, Annabi ya koya masa shi yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa, Buhari ya ruwaito. In ruwa yana cutar da tsoho, ko babu mai kawo masa, taimama ta isar masa. Wanda azumi ya fi ƙarfinsa shi sha, a mazhabar Malik an so shi ciyar da mudun Annabi guda a kowane yini. Ku sanar da iyayenku wannan rangwame, domin da yawa suna wahalar da kansu saboda kunya. Kuma kada a mai da tsoho can baya kamar kayan da anka gama da su. A shawarce shi a kan aure da gona, a bar shi shi taka zuwa masallaci da kasuwa muddin ƙafa na ɗaukarsa, domin zama wuri guda shi ke karya tsoho. Wanda ba shi da kowa, haƙƙinsa ya hau kan liman da mai unguwa da ƴan zawiya, su raba kwanakin akushinsa a tsakaninsu.

15. Ya Rabbi jiƙan waɗanda sunka rene mu,
Ka ba mu ɗiyan da za su kulawa.
16. Tamat, na cika, da yabon Ilahu,
Salati ga Ɗaha ba shi ƙarewa.

Wanda iyayensa sunka riga shi, ƙofa ba ta rufe ba: shi yi musu addu'a da sadaka, shi biya bashinsu, shi ziyarci abokansu da ƴan'uwansu. Wanda nasa ke raye, shi tashi shi gaishe su yau. Allah shi gafarta mana da iyayenmu da malamanmu da dukan Musulmi, amin. Wal hamdu lillahi Rabbil alamina.