Elizabeth Seton: Uwar Marayu Biyar Da Ta Ƙi Naɗe Hannu

A shekarar 1797 wasu mata masu hannu da shuni a birnin New York na Amurka suka kafa ƙungiyar tallafa wa zawarawa matalauta masu ƙananan yara. Wata dattijuwa, Isabella Graham, ita ta ja ragama, aka damƙa asusun a hannun wata matashiya, Elizabeth Ann Seton. 'Yar babban likita ce, Richard Bayley, kuma matar ɗan kasuwa mai harkar jiragen ruwa, William Seton. A titin Wall Street suka taɓa zama, inda kuɗi ke kwana. Shekara shida kacal bayan haka, ita da kanta ta zama irin matan da take tara wa taimako: miji ya rasu, ga yara biyar, ga aljihu wayam.

Ya ku masu fita da asuba, ku da ba ku da gadon kowa sai gumin goshinku, ku matso ku ji yadda wannan baiwar Allah ta yi da ranar da ta same ta.

Masifar ba dare ɗaya ta sauka ba. Surukinta ya rasu a 1798, ya bar wa William kamfani da tarin ƙanne, duk suka dawo ƙarƙashin kulawar Elizabeth. Yaƙin Ingila da Faransa ya dagula fatauci a teku, jirage suka salwanta, bashi ya yi katutu, kamfani ya karye. Ana cikin haka tarin fuka ya kama maigida. A 1803 suka hau jirgi zuwa Italiya da babbar 'yarsu Anna Maria mai shekara 8, da fatan sauyin iska zai yi masa magani. Da suka isa tashar Livorno sai hukuma ta ce daga garin da ake zazzaɓin shawara suka fito, aka killace su wajen wata guda a wani ginin dutse mai sanyi da danshi. Ku duba fa: mai ciwon huhu aka kai ɗakin danshi. Ita ce mai jinya, ita ce mai addu'a, ita ce mai lallashin yarinya. Kwanaki kaɗan da sakinsu, ranar 27 ga Disamba 1803, William ya cika a garin Pisa. Tana da shekara 29, autarta ko shekara biyu ba ta yi ba.

Iyalan Filicchi, abokan cinikin mijinta, su suka riƙe ta a baƙon wuri. A gidansu ta ga ibadar Katolika ta kwanta mata a rai, bayan ta koma New York kuma ta bar cocin iyayenta ta shiga Katolika a watan Maris na 1805. Muhawarar ɗarika ba ita ta kawo mu ba, kowa da inda zuciyarsa ta natsu. Abin lura shi ne kuɗin da ta biya. A New York ta wancan zamani Katolika addinin baƙin haure ne da 'yan aikatau, saboda haka da yawa daga dangi da ƙawayen da za su tallafe ta suka ja baya. Ta shiga koyarwa a wata ƙaramar makaranta, makarantar ta durƙushe. Ta karɓi 'yan makaranta maza suna kwana suna ci a gidanta ana biyan ta, iyaye suka riƙa janye 'ya'yansu don tsoron kada ta juya musu imani.

Nan ne wurin da nake so mu daɗe, domin nan ne yawancinmu muke. Faɗuwa ta fari kowa yana yi maka jaje. Ta biyu da ta uku kuwa, kai kaɗai kake tashi ka karkaɗe rigarka, masu kallo suna cewa ai dama mun faɗa. Matar da aka saba yi wa hidima ta koma dafa wa 'ya'yan wasu abinci, tana ɗinke musu tufafi, a garin da kowa ya san gidan da ta fito. Wannan kunyar ta fi yunwa kashe mutane. Nawa ne muka sani, wanda aka sallama daga aiki ko jarinsa ya karye, ya gwammace ya zauna a ɗaki da a gan shi yana tura baro ko yana sayar da ruwa? Nawa ne cikin iyayenmu mata suka ɓoye gwanintar hannunsu don kada a ce matar wane ce ke tuya a bakin titi? Masu cewa a ce ɗin nan ba za su aiko da ko mudu ɗaya ba. Elizabeth ta gane haka da wuri, ta sauko daga bene ta kama aiki.

A 1808 wani limamin coci, William Dubourg, ya gayyace ta Baltimore ta buɗe makarantar 'yan mata. Ta tattara yaranta ta tafi. Shekara ta zagayo, wani bawan Allah mai suna Samuel Cooper ya ba da kuɗin sayen gona a ƙauyen Emmitsburg na jihar Maryland, ita da wasu mata kaɗan suka tare a wani tsohon gidan dutse, suka kafa ƙungiyar sistoci ta Sisters of Charity. Ita ce irinta ta farko da aka kafa a ƙasar Amurka. Kada sunan ya ruɗe ku, rayuwar ba ta hutu ba ce. Ɗakuna sun yi musu kaɗan, sanyin hunturu yana shiga ta ko'ina, wanki a rafi, abin sha kuwa har da gasasshen karas suka riƙa dafawa a madadin kofi. Ƙannen mijinta mata biyu da suka biyo ta, Harriet da Cecilia, duk a watannin farkon nan ta binne su.

Amma a watan Fabrairun 1810 makaranta ta buɗe. Ga dabarar da ya kamata duk mai sana'a ya riƙe: ta karɓi 'ya'yan masu hali a makarantar kwana suna biya, da wannan kuɗin ake ciyar da gida, ake kuma koyar da 'ya'yan talakawan yankin kyauta. Tsohuwar mai riƙe asusu ce, ta san tausayi ba ya tsayawa da ƙafarsa sai da lissafi. Wanda ke son ya taimaki wani, sai tukunyarsa ta tafasa tukuna. Don haka kai tela, ke mai kitso, kai bakanike, karɓar haƙƙin aikinku cif-cif ba rashin imani ba ne. Da shi za ku iya yafe wa maraya kuɗin ɗinki ranar da ya zo hannu rabbana.

Wani abin da ya ƙara mata daraja a idona shi ne ba ta yarda ibada ta raba ta da 'ya'yanta ba. Da aka zo tsara dokokin ƙungiya, sai da aka bar mata damar ci gaba da riƙon yaranta, domin ta nuna ƙarara cewa su ne amanarta ta farko. Da rana shugabar sistoci ce, da dare uwa ce mai tunanin inda samarinta biyu, William da Richard, za su samu abin yi. Sun kuwa ba ta wahala, kamar yadda samari ke ba kowace uwa. Ta sha saɓani da wasu limaman da aka ɗora su kula da ƙungiyar, ta haɗiye abin da za ta iya haɗiyewa, ta faɗi abin da ya zama dole.

Sai mutuwa ta sake shigowa gida. Anna Maria ta rasu a 1812 tana budurwa, Rebecca auta ta bi ta a 1816. Uwa ta binne 'ya'ya biyu, ta share hawaye, ta koma aji. A tsakanin waɗannan makoki biyu ne ma, a 1814, ta tura sistoci su karɓi gidan marayu a Philadelphia, a 1817 kuma ta tura wasu New York, garin da ya juya mata baya. Ciwon da ya ɗauke mijinta shi ya kwantar da ita, ta rasu ranar 4 ga Janairu 1821 tana da shekara 46. Daga tarewarta Emmitsburg zuwa kabari bai kai shekara 12 ba. Ranar 14 ga Satumba 1975 Paparoma Paul na Shida ya ayyana ta waliyyiya, mutum ta farko haifaffiyar Amurka da ta samu wannan matsayi.

To, Inna, ke da aka gama zaman makoki kowa ya watse ya bar ki da yara da kuɗin haya, ko coci kike zuwa ko masallaci, kada ki bari wani ya ce miki taki ta ƙare. Abin da hannunki ya iya, ki fito da shi fili. In sana'ar farko ta ƙi, ki kama ta biyu; in garin ya ƙi ki, ƙasar Allah da faɗi take. Ki riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ko da a bayan littafin ɗanki ne, kuma ki sa wa aikinki farashin da ya dace da shi ba tare da sunkuyar da kai ba.

Ku kuma 'yan'uwa maza da mata da ke cin abinci a rumfarta, kuke kai mata ɗinki, kuke tura yaranku ajinta, ku daina taya kayanta da rabin kuɗi don kun ga ba ta da mai tsaya mata. Wanda ya san akwai bashinta a kansa, ya kai mata kafin ranar kasuwa ta zagayo.