Yaro Ya Roƙi Allah Bai Samu Ba, Me Za a Ce Masa?

Ga wata tambaya da ta shafi kowane gida mai yara. Muna koya wa ƴaƴanmu su dogara ga Allah. To, ranar da yaro ya roƙi abu bai samu ba, me za mu ce masa? Zan ɗauki misali daga gidajen Kirista na ƙasar Damagaram. Su kaɗan ne a cikinmu, amma maƙwabtanmu ne, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Musulmin da ya karanta shi ma zai ga tambayar tana ƙofar gidansa.

A shekarar 1924 ne ƴan mishan na SIM suka zauna a Zinder, lokacin garin yana babban birnin Nijar. A 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Don haka ɗan Kirista a Damagaram da harshen uwarsa yake jin labarin Allah, a gida da dare, da kuma a makarantar Lahadi ta majami'a. Yana koyon waƙa. Yana koyon addu'a kafin a ci tuwo. Ana gaya masa Allah yana ƙaunarsa kamar yadda uba nagari yake ƙaunar ɗansa.

Duk wannan yana da kyau. Matsalar tana zuwa ne in manya suka bi gajeruwar hanya. Uwa ta gaji, yaro yana kuka, sai ta ce masa, "Yi addu'a, Allah zai ba ka." Ita dai so take ya yi shiru. Shi kuwa ɗan shekara biyar yadda aka faɗa haka yake ɗauka. A ganinsa addu'a kamar sayen ƙosai ce, ka miƙa dala a miƙo maka. Sai damina ta zo, ya roƙi ruwa, hatsi ya bushe a gona. Ko ƙanensa ya kwanta ciwo, ya roƙa masa sauƙi, ƙanen ya rasu. Yaron ba zai yi magana ba, amma a zuci zai yanke hukunci. Ko ya ce Allah ba ya ji, ko ya ce shi ne mai laifi, shi ya sa ba a amsa masa ba. Kowanne a cikin biyun kaya ne da ya fi ƙarfin wuyan yaro.

Tsofaffinmu suna tune da farin 1973 da 1974, da kuma na 1984. Musulmi sun fita roƙon ruwa, Kirista sun yi addu'a a majami'unsu, duk da haka dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. Da a ce dogara ga Allah ciniki ce, da a waɗannan shekaru kowa ya watsar da ita.

Wani zai ce, "Malam, yaro ƙarami ne. Bar shi ya ji daɗi, in ya girma zai gane." Akwai gaskiya a nan. Ba a ba jariri tuwo, kunu ake dama masa. Amma kunu abinci ne na gaske, an dai sassauta shi. Haka ya kamata maganar Allah ta zama a kunnen yaro, a sassauta ta, kada a gauraya ta da ƙarya. Za ka iya ce masa, "Allah yana jin ka kullum. Wani lokaci yana bayarwa, wani lokaci yana jinkirtawa, wani lokaci ba mu san dalilinsa ba. Amma ba ya barin mu." Ɗan shekara biyar yana iya riƙe wannan, kuma in ya kai hamsin ba zai same ka da ƙarya ba.

Littafin Kirista kansa haka yake koyarwa. Ku duba labarin Yusufu, wanda Musulmi da Kirista duka suka sani. Ƴan'uwansa suka jefa shi rijiya, aka sayar da shi Masar, aka ɗaure shi a kurkuku kan laifin da bai yi ba. Shekaru suka wuce kafin sauƙi ya zo. Da ya sami mulki, sai ya tara hatsi a shekaru bakwai na ƙoshi don shekaru bakwai na yunwa. Linjila kuma ta ba da labarin Yesu Almasihu a daren da aka kama shi. Ya roƙa a ɗauke masa wahalar da ke gabansa, sa'an nan ya bar wa Allah zaɓi. Bisa imanin Kirista, ba a ɗauke masa ita ba. Mai bin Yesu ba shi da hujjar yi wa ɗansa alkawarin cewa duk abin da ya roƙa zai samu nan take.

Labarin Yusufu yana da wani darasi. Mai dogara ga Allah yana gina rumbu. Hausawa sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. Bari yaro ya ga ubansa ya yi addu'a, ya saɓa hauya ya nufi gona. Bari ya ga uwarsa ta yi addu'a a kan mai zazzaɓi, ta goya shi zuwa gidan likita, da dare kuma ta ɗaura gidan sauro.

Sa'an nan mu duba bakinmu. Yaron da aka gaya wa Allah kamar uba yake, da ubansa na gida zai auna maganar. Ka ce masa za ka kawo masa alewa daga kasuwar Mirya, ka dawo hannu wofi, ba ka ce komai ba. Gobe ma haka. Ta ina zai koyi cewa akwai mai cika alkawari? In ka yi wa yaro alkawari, ka cika. In ya gagara, ka zaunar da shi ka gaya masa dalili.

Jarrabawa mafi zafi ta zo wa Kiristan Zinder ran Juma'a 16 ga Janairu 2015. Zanga-zanga kan wani zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa ta rikiɗe, aka ƙone majami'u, aka rasa rayuka. Kashegari abin ya kai Yamai. Yaran da suka ga hayaƙin sun tambayi iyayensu ina Allah yake. Uban da ya amsa da cewa, "Kada ka ƙara yarda da kowa," ya shuka tsoro, kuma zuciyar da tsoro ya cika da wuya ta dogara ga Allah. Akwai amsar da ta fi wannan gaskiya. Mutane ne suka yi mugunta, Allah ba ya son ta. A ranar kuma akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu. Ya kamata yaro ya ji duka biyun.

Ku da kuka shiga yaƙi da jahilci, yanzu kuna iya karanta wa ƴaƴanku labari da kanku. In kun karanta, ku dakata ku bar su su yi tambaya. In tambayar ta fi ƙarfinku, ku ce, "Ban sani ba, ɗana, amma zo mu roƙi Allah tare." Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka.