Gwanar da Ta Koma Almajira

Karatu: Irmiya 18:1-6

Lokacin da Allah ya so ya yi wa Irmiya magana a kan Isra'ila, sai ya tura shi gidan maginin tukwane. Annabin ya je ya tarar da mutumin yana kan aiki. Abin da yake ginawa ya lalace a hannunsa, bai jefar ba, ya sake cuɗa yumɓun ya fitar da wani abu dabam yadda ya ga ya dace. Sai da Irmiya ya gama kallo sannan maganar Ubangiji ta zo masa.

Mu ma muna da gidan magini da za mu leƙa yau da safe. In da takardar naira 20 a aljihunka, juya bayanta. Matar da ke duƙe a kan tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali. Tun tana yarinya ta koyi gini a hannun ɗaya daga cikin iyayenta mata, kuma koyon na ido ne da hannu: a murza yumɓu, a ɗora, a jawo shi sama ana zagaya tukunyar da ƙafa har cikinta ya fito daidai. Kafin ta bushe sai a zana mata kunama da kada da hawainiya da kifi, daga baya a gasa ta a fili da busasshiyar ciyawa da itace. Hannun Ladi ya yi kyau har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya riƙa tara randunanta a gidansa. A nan Bature Michael Cardew ya fara ganin aikinta, shi da ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja.

A 1954 Ladi ta shiga makarantar nan, ita ce mace ta farko. Wannan ne abin da ya fi taɓa ni a rayuwarta. Mace ta kusan shekara talatin, sunanta ya riga ya kai fada, amma ta yarda ta zauna gaban faifai mai juyawa a nuna mata inda za ta sa yatsa. Ta koyi shafa ruwan ƙyalli, ta koyi gashi a tanderu mai zafin da wutar ciyawa ba ta kaiwa. Kuma ba ta yar da abin da ta zo da shi daga gida ba. Da hannu ta ci gaba da gina randunanta, da shi ta tsaya gaban ɗalibai a Ingila da Jamus da Amurka suna kallo suna koyo. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a Minna a 1984.

Da yawa daga cikinmu, da an fara ce mana malam, ko dattijo, ko uwar zumunta, shi ke nan kunne ya toshe. Mun iya gyara wa wasu, amma a gyara mana sai rai ya ɓaci. A sura ta gaba, Irmiya 19, Allah ya sa annabin ya sayi tulun da aka riga aka gasa, ya fasa shi a gaban dattawa, alamar jama'ar da ta taurare har ba sauran gyara. Yumɓu ɗaya ne da na sura 18, sai dai wancan da sauran danshinsa. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, yaushe rabon da wani ya gaya maka gaskiya ka karɓa ba gardama? Wataƙila yau ta bakin ɗanka za ta zo, ko ta bakin yaron shagonka.

Addu'a: Ya Uba, kai ne Magininmu. Ka raba mu da girman kan da ke hana mu karɓar gyara. Ka ba mu haƙuri da waɗanda muke koya wa sana'a da Maganarka, musamman in aiki ya lalace a hannunsu. Ka sa albarka ga matan da suke gina tukwane su ciyar da 'ya'yansu, ka ba su kasuwa yau. A cikin sunan Yesu, amin.